Yadda Ake Sassauta Ƙugun da Ya Ƙage ga Masu Larurar Motsin Jiki

Ƙugun da ya ƙage ba kullum yake fara sallama da ciwo ba. Abin da mutum ke fara lura da shi shi ne takunsa ya gajarta, ƙafa ta soma jan ƙasa, juyi a gado cikin dare ya zama aiki. Zai sa wando ƙafa ta ƙi ɗaguwa, sai ya nemi wuri ya zauna. Zai tashi daga kujera sai ya yi yunƙuri biyu ko uku, in ya tashi kuma sai ya yi 'yan taku a duƙe kafin bayansa ya miƙe, in ma ya miƙe ɗin. Masu cutar Parkinson sun san wannan sarai. Haka waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, da masu distoniya, wato murɗewar tsoka da kanta, da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna ciki ko wajen haihuwa.

Shawarar da aka fi ba su ita ce su riƙa miƙa gaɓoɓi. Miƙa tana da amfani, kuma za mu yi ta dalla-dalla, amma ita kaɗai ba ta riƙe ƙugu. A 2017 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken lafiya da auna ingancinsa, ta sake duba gwaje-gwajen da aka yi kan miƙa gaɓoɓin da suka ƙage. Ta tarar cewa miƙar da aka yi ta ƙasa da wata bakwai ba ta ƙara wa gaɓa buɗin da zai sauya wani abu a rayuwar mai larurar. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Abin da yake nufi a aikace shi ne sassaucin da kake ji bayan miƙa na ɗan lokaci ne, in ba ka yi amfani da shi nan take wajen motsi da ƙarfafa tsoka ba, zai tafi. Shi ya sa tsarin nan yake tafiya a jere: ɗumama jiki, miƙa, ƙarfafawa, sannan tafiya. Biyun ƙarshe su ne mutane suka fi tsallakewa, kuma su ne suka fi biyan wahala.

Me ke ƙage ƙugun?

Mahaɗar ƙugu ita ce inda mulmulallen kan ƙashin cinya ya shiga cikin ramin ƙashin ƙugu. Tana motsi ta kowace fuska. Ta gaba tana lanƙwasuwa har kusan digiri 120, amma ta baya abin da take da shi kaɗan ne, tsakanin digiri 10 zuwa 20. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne tafiya ta dogara a kai. Duk takun da ka yi, ƙafar da ta rage a baya sai cinyarta ta wuce layin gangar jikinka kafin ta tashi daga ƙasa. In ta kasa wucewa, dole takun ya gajarta.

Babbar tsokar da ke hana ta wucewa ita ce wadda likitoci ke kira iliyosowas. Tana tasowa daga ƙasusuwan kwankwaso da kuma cikin ƙashin ƙugu, ta ratsa ta gaban mahaɗar, ta kama saman ƙashin cinya ta ciki. Aikinta ɗaga cinya. Duk lokacin da kake zaune tana a naɗe, to in zama ya yi yawa, ga kuma larurar da ke sa tsoka ta ƙi saki, sai ta saba da gajarta, ta riƙa jan gangar jiki gaba kamar yadda tsarkiya ke tanƙwara baka. Su kuma tsokokin mazaunai, waɗanda ya kamata su ja cinya baya, sai su yi sanyi saboda rashin aiki. Gaba ya ɗaure, baya ya yi rauni, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa. Tun a 1817, lokacin da likita James Parkinson na Landan ya fara bayyana cutar da aka sa wa sunansa, ya lura da yadda masu ita ke duƙawa gaba, tafiyarsu ta riƙa komawa kamar sassarfa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 sama da mutum miliyan 8.5 ne ke ɗauke da cutar.

San irin ƙagewar da ke jikinka

Wannan ne ya kamata a fara tambayar likita ko likitan fisiyo, wato mai gyaran motsin jiki ta hanyar atisaye, domin hanyar bi ta bambanta.

A cutar Parkinson ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa, sai tsoka ta sandare. In wani ya motsa maka ƙafa zai ji tauri iri ɗaya, ko ya lanƙwasa ko ya miƙe, ko a hankali ko da sauri. Irin wannan taurin yana lafawa da motsi mai maimaituwa, musamman juyi gefe da gefe, kuma yana raguwa sosai lokacin da magani ke aiki.

Bayan shanyewar ɓarin jiki, ko raunin laka, ko raunin ƙwaƙwalwa na yara, ƙagewar ta dogara ne da sauri. Ka ja ƙafar da hanzari ta cije ta turje, ka bi ta sannu a hankali ta saki. A nan sauri shi ne abokin gaba. Tsokokin cikin cinya su suka fi kamuwa, har ka ga gwiwoyi na gugar juna ko ƙafafu na gittawa wajen tafiya.

Ita kuwa distoniya, tsoka ce ke murɗewa da kanta ba da son mai ita ba. In murɗewar ta taso ba a kokawa da ita. A samu kwanciyar da jiki ya fi natsuwa, a daidaita numfashi, a jira ta lafa, sannan a ci gaba. Mai distoniya ya fi kowa bukatar likitan fisiyo ya zaɓa masa abin da zai yi daga cikin atisayen da ke tafe, domin abin da ya sassauta wani yana iya tayar wa wani.

Kafin ka fara

Zaɓi lokacin da jikinka ya fi saki. Ga mai shan lebodofa, maganin cutar Parkinson, yawanci maganin yana fara aiki bayan rabin awa zuwa awa ɗaya da sha, kuma kai ka fi kowa sanin lokacin da yake kai maka ƙarshen ƙarfinsa. Ka sa atisayen tsaye a wannan lokacin. In ƙarfin magani ya fara raguwa, ka tsaya ga na kwance kawai.

Jiri lokacin tashi ya zama ruwan dare ga masu Parkinson, saboda jini yakan sauka idan an miƙe tsaye, cutar da magungunanta duk suna jawo haka. Don haka daga kwance ka zauna a bakin gado kamar minti ɗaya, kana motsa idon sawu, kafin ka tashi. Kujerar da za ka yi aiki da ita ta zama mai ƙarfi, marar taya, a jingine da bango. Kada ka tsaya da safa a daɓe mai santsi. Katifa mai tauri ta fi shimfiɗa a ƙasa ga wanda tashi daga ƙasa ke ba shi wahala, kuma in kana yawan faɗuwa, a samu wani a kusa.

Wanda aka yi wa aikin sauya mahaɗar ƙugu, ko wanda aka tabbatar ƙashinsa ya yi rauni, ko wanda ya taɓa karaya a wurin, kada ya fara sai likitansa ya faɗa masa iyakar da zai tsaya.

Auna ƙugun tukuna

Akwai gwaji mai sauƙi da likitoci ke yi tun ƙarni na 19, mai ɗauke da sunan likitan ƙashi Hugh Owen Thomas. Kwanta rigingine a tsakiyar katifa mai tauri, ƙafafu a miƙe. Kama gwiwar dama da hannu biyu, ka jawo ta ƙirji har ka ji kwankwasonka ya manne da katifa. Yanzu a duba ƙafar hagu. In bayan cinyarta yana nan kwance a katifa, gaban ƙugun hagu bai ɗaure sosai ba. In cinyar ta ɗago, gwiwa ta tanƙwara, to ya ɗaure. Sauya ƙafa ka maimaita. Ka sa wani ya ɗauki hotonka ta gefe da waya, za ka bukaci hoton nan gaba.

Mataki na farko: ɗumama, minti biyar a kwance

Tsoka mai sanyi ba ta son ja. In da hali ka yi wannan bayan wanka da ruwan ɗumi. Wanda ba ya jin zafi da kyau a wani ɓangare na jikinsa ya guji ɗora abu mai zafi a wurin, yana iya ƙonewa bai sani ba.

Kwanta rigingine. Ja dunduniyar dama a kan katifa zuwa wajen mazaunai, ka mayar da ita ta miƙe sarai. Sau 10, sannan hagu. Daga nan tanƙwara gwiwoyi biyu, tafin ƙafa a katifa, hannaye a buɗe gefe da gefe. Bari gwiwoyin su tafi dama tare, su dawo tsakiya, su tafi hagu, kafaɗu ba su bar katifa ba. Fara da ɗan ƙaramin lilo, ka riƙa faɗaɗa shi, kana ƙirga ɗaya, biyu, da murya iri ɗaya. Yi minti ɗaya ko biyu. Ga mai Parkinson wannan lilon shi ne ya fi komai saurin kwance taurin gangar jiki, kuma shi ne motsin da juyi a gado ke bukata.

Na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci a koya da kyau, domin duk abin da ke tafe a kansa aka gina. Gwiwoyi na nan a tanƙware, sa tafin hannu ƙarƙashin kwankwaso, za ka ji ɗan rami. Fitar da numfashi, ka ɗan matse mara da mazaunai, ka danne hannun da kwankwasonka. Ƙashin ƙugu zai karkato baya. Riƙe daƙiƙa 5, saki. Sau 10. Mu kira shi danne kwankwaso.

Mataki na biyu: miƙa gaban ƙugu

Ƙa'idar miƙa ɗaya ce a ko'ina. Ka shiga a hankali har ka ji ja, ka tsaya nan, kada ka kai ga zafi, kada ka yi tsalle-tsalle a kai, kada ka riƙe numfashi. Riƙe daƙiƙa 30, ga masu manyan shekaru har zuwa 60, ka maimaita sau biyu ko uku kowane gefe. In ƙafa ta fara karkarwa ko ta cije, ka ja baya kaɗan ka jira.

Hanya mafi sauƙi ita ce kwanciya rub da ciki. Da yawa sun yi shekaru ba su yi ta ba, alhali nauyin jiki kaɗai yana miƙar da ƙugu ba tare da wani ƙoƙari ba. Kwanta, fuska ta kalli gefe, yatsun ƙafa su sauka daga bakin katifa. In ƙugu ya ƙi sauka ko kwankwaso ya yi ciwo, sa matashi ƙarƙashin mara, bayan 'yan makonni ka sauya shi da wanda ya fi sirantaka. Fara da minti 2 ko 3, ka riƙa ƙarawa har ka kai 10 zuwa 15. Wannan kwanciyar ba ta mai matsalar numfashi ko ta zuciya ba ce, kuma wanda ba ya iya juyawa da kansa kada a bar shi shi kaɗai a haka.

Hanya ta biyu a bakin gado take. Kwanta rigingine kusa da gefen gado na dama, yadda ƙafar dama za ta iya sauka. Jawo gwiwar hagu ƙirji ka rungume ta, ka danne kwankwaso, sannan ka bar ƙafar dama ta zame daga gefen gado ta rataye. Kada ka tura ta, nauyinta ya isa. Ya kamata ka ji ja a matsematsi da gaban cinya ta sama. In a kwankwaso kake jin shi, bayanka ya ɗago, ƙara jawo gwiwar hagu. Wajen dawowa, ɗago ƙafar a hankali, ko wani ya ɗago maka.

Hanya ta uku a tsaye take, kuma ita ta fi kama da tafiya. Tsaya gefen tebur mai ƙarfi ka dafa. Kai ƙafar dama baya taku ɗaya, ka bar tazara tsakanin ƙafafun ta gefe, kada su hau layi ɗaya, in ba haka ba za ka yi tangaɗi. Yatsun ƙafafu biyu su kalli gaba. Ɗaga ƙirji. Yanzu yi danne kwankwaso a tsaye: matse mazaunin dama, ka turo ƙashin ƙugu gaba ta ƙasa. Mutane da dama a nan kaɗai suke jin jan, tun ba su matsa ko'ina ba. In ba ka ji ba, tanƙwara gwiwar gaba kaɗan, ka bar jikinka duka ya matsa gaba a miƙe.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya banƙare, ciki ya fito, yana zaton nisan da ya yi shi ne nasara. Kwankwaso ne ya lanƙwasa, tsokar ba ta miƙu ba ko kaɗan, ƙarshenta a tashi da ciwon baya. Na biyu shi ne duƙawa gaba daga ƙugu, wanda ke mayar da tsokar gajartar da ake gudu. Ɗan ƙaramin motsi da ƙugu a daidai ya fi babban motsi da baya a banƙare. In akwai madubi a gefe, duba: kunne, kafaɗa da ƙugu su zama a layi ɗaya.

Wanda tsayuwa ba ta yi masa ba yana da tasa. Zauna a kujera mai ƙarfi marar hannu, ka juya jikinka ka fuskanci hagu, cinyar hagu a kan kujera, mazaunin dama a baki. Riƙe makarin kujerar da hannun hagu. Bar gwiwar dama ta sauka ta kalli ƙasa, ƙafar ta zame baya a kan yatsu. Ɗaga ƙirji, matse mazaunin dama. A samu mai tsayawa kusa a karon farko.

Ba sai ka yi dukansu ba. Rub da ciki da ɗaya daga cikin sauran sun isa.

Mataki na uku: sauran ɓangarorin

Cikin cinya: kwanta rigingine, haɗa tafin ƙafafu, ka bar gwiwoyi su buɗe da nauyinsu. Sa matashi ƙarƙashin kowace gwiwa ta waje don ƙafa ta samu abin jingina, domin tsokar da ke tsoron faɗuwa ba ta saki. Minti ɗaya zuwa biyu. Ga wanda ƙafafunsa ke gittawa, wannan ya zama na kullum.

Bayan cinya: zauna a bakin kujera, miƙe ƙafa ɗaya, dunduniya a ƙasa. Hannaye a kan ɗaya cinyar, baya a miƙe, ka karkato daga ƙugu har ka ji ja a bayan cinya. Ba yatsun ƙafa ake son taɓawa ba.

Mazaunai: kwance, gwiwoyi a tanƙware, ɗora idon sawun dama a kan gwiwar hagu, ka bar gwiwar dama ta buɗe. In kana son ƙari, zagaya tawul bayan cinyar hagu ka jawo ta. Wanda aka sauya wa mahaɗa ya bar wannan sai da izini.

Mataki na huɗu: ƙarfafa abin da zai riƙe buɗin

Yanzu ƙugu ya ɗan buɗe, lokacin ba shi aiki ne. Shawarwarin da Gidauniyar Parkinson ta Amurka ta fitar a 2021 tare da ƙungiyar likitocin wasanni ta ƙasar sun ce a yi atisayen ƙarfi kwana 2 zuwa 3 a mako, ba a jere ba, ana maimaita kowane motsi sau 10 zuwa 15, miƙa kuwa ta fi amfani in kullum ake yi. In 10 ta yi maka yawa fara da 5.

Gada: kwance, gwiwoyi a tanƙware, tafin ƙafa a katifa da tazarar faɗin ƙugu. Danne kwankwaso, matse mazaunai, tura da dunduniya ka ɗaga ƙugu har cinya da ciki su zama layi ɗaya. Riƙe daƙiƙa 3, sauka a hankali. In bayan cinya ya murɗe, matso da dunduniya kusa da mazaunai. Wanda ya iya wannan zai ga gyara kwanciya da jan wando sun yi masa sauƙi.

Buɗe gwiwa: kwanta a gefe, gwiwoyi a tanƙware, dunduniyoyi a haɗe. Ɗaga gwiwar sama ba tare da ƙugu ya mirgina baya ba. Dafa ƙashin ƙugu da hannu don ka ji in ya motsa. Tsokar gefen mazaunai da wannan ke ƙarfafawa ita ke riƙe ka duk lokacin da nauyinka ke kan ƙafa ɗaya, wato a kowane taku.

Tashi da zama: wannan na fi so a cikinsu duka, domin shi ne abin da za ka yi sau da yawa kowace rana ko ka so ko ka ƙi. Matso bakin kujera. Ja ƙafafu baya har su shiga ƙarƙashin gwiwa, a ɗan ware. Karkato gaba har hancinka ya zo saitin yatsun ƙafa, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, ka tashi da niyya guda. In ka tashi kada ka tsaya a rabin hanya: matse mazaunai, ɗaga ƙirji, miƙe sarai, ka tsaya daƙiƙa 2. Wannan miƙewar ta ƙarshe ita ce ake sacewa, kuma ita ce maganin duƙawa. Wajen zama kai ƙugu baya ka sauka a hankali, kada ka faɗa. In ya yi wuya, ƙara tsayin kujerar da matashi mai tauri, ko ka dafa hannunta.

Sai biyu a tsaye, kana dafe da tebur. Kai ƙafa baya a miƙe ba tare da ka duƙa ba, tazarar kaɗan ce, ka dawo. Sannan kai ta gefe, yatsu na kallon gaba, ka dawo.

Mataki na biyar: kai shi cikin tafiya

Ƙwaƙwalwar mai Parkinson takan gaya masa takunsa daidai yake alhali ya ƙanƙance. Saboda haka takun da zai ji kamar ya wuce kima shi ne yawanci daidai a idon mai kallo. Dafe da tebur, ware ƙafafu, ka mayar da nauyi dama, hagu, sau 10. Sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ka mayar da nauyi gaba har dunduniyar baya ta ɗago, ka koma baya har yatsun gaba su ɗago. Sannan yi babban taku gaba, dunduniya ta fara sauka, ka dawo. Babban taku gefe, ka dawo. Takun baya ka yi shi ne kawai kana riƙe da abu.

Daga nan yi tafiyar minti 3 zuwa 5 a wuri marar cikas, kana ƙirga da murya ko kana bin kiɗa mai bugu daidai. Wasu sun fi samun sauƙi in an manna layuka masu launi a ƙasa suna tsallakawa. Wajen juyawa ka zagaya da faɗi, kada ka murɗa a wuri ɗaya. In ƙafa ta kafe ta ƙi tashi, kada ka yi ta tura jiki gaba, nan ake faɗuwa. Tsaya cak, miƙe, ja numfashi, mayar da nauyi kan ƙafa ɗaya, ka yi babban taku da ɗayar.

Akwai hujja mai ƙarfi kan fifikon irin wannan motsin. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, an raba masu Parkinson 195 gida uku: masu taici, wato motsa jikin nan na Sin da ake yi a hankali ana mayar da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, da masu atisayen ƙarfi, da masu miƙa. Sau biyu a mako har mako 24. Masu taici sun fi sauran daidaituwar tsayuwa, kuma faɗuwarsu ta yi ƙasa da ta masu miƙa.

Ga mai jinya

In mara lafiyar ba ya iya motsa ƙafar da kansa, kai ne hannunsa, kuma hannun da ke gaggawa yana iya ɓata fiye da yadda ya gyara. Faɗa masa abin da za ka yi kafin ka taɓa shi. Sa hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwa, ɗaya ƙarƙashin dunduniya. Guji danna tafin ƙafa ta wajen yatsu, yakan tayar da karkarwa ko ya sa ƙafar ta sandare a miƙe. In ta sandare, fara tanƙwara gwiwa da ƙugu tare a hankali, ka ɗan lila ƙafar gefe da gefe har ta saki. Wajen ware cinya, dafe ɗaya ƙafar ko ka tare ta da matashi don ƙugu kada ya biyo. Da ka ji turjiya ka tsaya a nan ka jira, sau da yawa bayan 'yan daƙiƙu za ka ji ta ba da kai da kanta. Ka riƙa kallon fuskarsa, musamman in magana tana masa wuya. Kuma ka bar shi ya yi duk abin da zai iya, ko da kashi ɗaya cikin goma ne na motsin.

Yaran da aka haifa da raunin ƙwaƙwalwa suna da wani haɗari na daban. Jan tsokokin cikin cinya yana iya fitar da kan ƙashin cinya daga raminsa sannu a hankali, sau da yawa ba tare da ciwo ba a farko, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda ba sa tafiya. Miƙa a gida ba ta maye gurbin hoton ƙashi da likita zai riƙa dubawa lokaci zuwa lokaci. In ware cinyar yaro wajen tsarki ko sa tufafi ya ƙara wuya, ko ƙafa ɗaya ta fara gajarta, a kai shi.

Sauran sa'o'in yini

Rabin awa na atisaye ba zai rinjayi wuni guda na zama ba. Sa ƙararrawa a waya, duk bayan rabin awa ka tashi ka miƙe sarai, ko da minti ɗaya ne. Kujera mai zurfi da laushi tana naɗe ƙugu, kuma tashi daga cikinta wahala ne. Nemi wadda ƙugu zai ɗan fi gwiwa tsayi. Da dare, matashi ƙarƙashin gwiwa yana da daɗi, amma kwana da shi kullum yana koya wa ƙugu da gwiwa tanƙwara. In a gefe kake kwana, sa shi tsakanin gwiwoyi.

Lokacin da za a dakata a nemi likita

Ɗan tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan atisayen ƙarfi ba komai ba ne. Amma a dakata in an ji ciwo mai suka a matsematsi, ko ciwo mai sauka ƙafa da dindiris, ko ciwon ƙirji, ko jiri mai tsanani. In bayan faɗuwa mutum ya kasa taka ƙafa, ko ta gajarta ta juya waje, wannan alamar karaya ce, asibiti nan take. Kumburin sharaɓa ɗaya da zafi shi ma ba abin tausa ba ne, yana iya zama daskarewar jini.

In ƙagewa ta ƙaru kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ɗauka atisaye ne ya gaza. Ciwon mafitsara, taurin bayan gida, gyambon kwanciya, ko farcen da ya shiga nama duk suna tayar da ita, kuma da an magance su takan lafa. Wani lokaci kuma tsokar ta fi ƙarfin atisaye, sai likita ya gyara lokutan shan magani, ko ya ba da maganin sassauta tsoka irin su bakulofen, ko a yi allurar Botox a tsokar da ta fi ɗaurewa. Allurar takan yi aiki kamar wata uku, kuma waɗannan watannin su ne lokacin da ya fi dacewa a dage da miƙa da ƙarfafawa.

Bayan mako shida zuwa takwas, sake gwajin nan na farko a kan katifa ɗaya, a irin lokacin da ka yi shi, a sake ɗaukar hoto a kwatanta. Ko cinyar ba ta sauka sosai ba, duba sauran: taku nawa kake yi daga ɗaki zuwa ƙofa, sau nawa kake iya tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30, ko kana juyi a gado ba tare da an taimaka ba. Rubuta su ka tafi da su wurin likitan fisiyo, da su zai san abin da zai ƙara maka da abin da zai cire.